INA RUWAN DA MUTUM YA SHA YAKE ZUWA?

Lugu, garin Sarauniya, yana cikin ƙasar Arewa, a gundumar Ɗankasari ta Dogon Dutsi. Mutanen Lugu manoma ne da makiyaya, kuma babu wanda zai koya musu darajar ruwa. Sun san yadda hatsi yake lanƙwashe ganye in ruwan sama ya yi fashi. Sun san yadda saniya take ramewa in rijiya ta yi nisa. Amma akwai wani ruwa wanda ba a cika tunawa da shi ba, shi ne ruwan da ke cikin jikin mutum. Wanda ya gane aikinsa yana iya ceton ran ɗansa.

JIKI RUWA NE

Masana sun auna, sun tarar fiye da rabin nauyin mutum ruwa ne. Magidanci mai kilo 60 yana ɗauke da ruwa wajen lita 36, wato kusan jarka 2 masu cin lita 20. Jariri kuwa, in an raba jikinsa kashi 4, kashi 3 ruwa ne. Wannan ruwa ba a wuri ɗaya yake ba kamar a tulu. Yana cikin jini, da tsoka, da ƙwaƙwalwa, har da ƙashi.

HANYAR RUWA

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya ga kayan ciki: tumbi, hanji, hanta, ƙoda, huhu da zuciya. Na mutum ma haka suke, sai bambanci kaɗan. Cikin rago da na saniya ɗaki 4 ne, shi ya sa suke tuƙa. Na mutum ɗaki guda ne.

In mutum ya sha ruwa ko fura, sai su bi maƙogwaro su sauka tumbi. Daga nan su wuce ƙaramin hanji, wanda tsawonsa ya kai mita 6, a naɗe cikin ciki kamar igiyar guga. Bangon hanji shi ke tsotse ruwa da amfanin abinci, ya zuba su cikin jini. Abin da ya saura ya shiga babban hanji, mai tsawon mita 1 da rabi. Can ake ƙara tsotse ruwa, sai tusar abinci ta yi tauri ta fita.

Ba ruwan da aka sha kaɗai ke bi ta hanji ba. Jiki da kansa yana zuba yawu, da ruwan tumbi, da ruwan matsarmama, don narkar da abinci. In an haɗa duka, wajen lita 9 ke ratsa hanjin babban mutum kowace rana, kuma hanji yana mai da kusan dukansa cikin jini. A riƙe wannan magana, za a komo kanta.

ZUCIYA DA JINI

Jinin babban mutum wajen lita 5 ne. Zuciya girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita. Aikinta tura jini, dare da rana, ba hutu. Tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda in mutum yana zaune. Ta jariri ta fi haka sauri. Mai son ya ji ta, sai ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ƙasan babban yatsa. Cikin minti guda jini yakan zagaye jiki duka ya komo. Yana ɗauko iska mai kyau daga huhu, ya ɗauko abinci daga hanji, ya kai wa kowace gaɓa rabonta.

ƘODA DA ZUFA

Ƙoda biyu ne, suna baya, dama da hagu, ƙasan haƙarƙari. Su ne matatar jini. Kowace rana suna tace ruwa wajen lita 180, wato jarka 9, su mai da mai kyau cikin jini, su fitar da dauɗa. Dauɗar ita ce fitsari, wajen lita 1 da rabi a yini. In ruwa ya yi ƙaranci a jiki, ƙoda sai su riƙe shi. Shi ya sa fitsari yake raguwa, ya yi ja.

Zufa kuma ita ke sanyaya jiki. Randa tana tsatso ruwa ta bayanta, iska ta busar, ruwan ciki ya yi sanyi. Fata ma haka take yi. Manomin da ke sharar gona da bazara, ko makiyayin da ke jan guga da tsakar rana, yana iya zubar da lita guda ta zufa cikin awa ɗaya. Kada ya jira sai ƙishirwa ta kama shi. Ya tafi da gorarsa.

ABIN DA ZAWO YAKE YI

Yanzu a komo kan maganar hanji. Ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani, suna shiga ciki ta ruwa marar tsabta, da hannun da ba a wanke ba, da abincin da ƙuda suka sauka a kai. Sai su ɓata aikin hanji. Ruwan da ya kamata ya koma jini sai ya zube waje, tare da gishirin jiki. Wannan shi ne zawo. Jini ya ragu, zuciya ta yi ta sauri ba ƙarfi, ƙoda su tsaya. Babba yana iya jurewa kwanaki. Yaro ƙarami guzurinsa kaɗan ne, yana iya bushewa cikin yini guda.

Ga alamun bushewa: idanu su faɗa, baki ya bushe, kuka ba hawaye, fitsari ya ɗauke. In an tsunkule fatar ciki aka saki, ba ta komawa da sauri.

MAGANAR MAƊIGA

Ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba. Wurin da ya rage mai taushi a tsakar kai shi ne maɗiga, kuma yakan rufe wajen shekara 1 da rabi. In yaro mai zawo maɗigarsa ta faɗa, iyaye da yawa sukan ce ciwon a kai yake, su kwaɓa magani su shafa. Ciwon ba a kai yake ba. Ruwan jiki ne ya ragu, maɗiga ta lotsa kamar salkar da ruwanta ya ƙare. Abin da aka shafa a waje ba ya cika salka. Sai an zuba ruwa ta baki.

In kuwa maɗiga ta kumbura ta yi tauri, ga zazzaɓi, wannan wata magana ce dabam. Yana iya zama sanƙarau, irin wanda ya addabi jihar Dosso da Yamai a 2015. A kai yaro likita nan take.

RUWAN GISHIRI DA SUKARI

Masana sun gano cewa ko hanji yana ciwo, in gishiri da sukari suka zo tare, bangonsa yana karɓarsu, ruwa kuma ya bi su cikin jini. A 1971, wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya yi aiki da wannan dabara a sansanin ƴan gudun hijirar Bangaladash, inda kwalara ke kashe wajen mutum 30 cikin 100 na waɗanda ta kama. Da aka riƙa ba su wannan ruwa, masu mutuwa suka koma ƙasa da 4 cikin 100.

Ana samun ƙunshin garin a gidan likita. A zuba ƙunshi 1 cikin lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce. In babu ƙunshin, a sa sukari ƙaramin cokali 6, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a shafe ba tozo, cikin lita 1. Kada a ƙara gishiri, yawansa yana cutarwa. Yaron da bai kai shekara 2 ba, a ba shi kwata zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai, a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana a zubar, a haɗa sabo.

Kada a hana yaro nono, kada a hana shi kunu. A nemi ƙwayar zinki wurin likita, a ba shi kwana 10 zuwa 14. Tun 2014 kuma aka sa rigakafin wani mugun zawon jarirai cikin rigakafin yara a Nijar. Ɗigo ne a baki.

In yaro ya kasa sha, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko an ga jini cikin kashinsa, to aikin ya wuce na gida. A ɗaura amalanke ko a nemi babur zuwa gidan likita mafi kusa, ana tafiya ana ba shi ruwan a hanya.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa wannan, musamman iyaye mata da ungozomomi. Lafiya uwar jiki.