Tsage, Mai Yaga Kalli

Masuncin da ya kwana kan kogin Kwara a yankin Bahindi, idan ya jawo kalli da asuba ya tarar da ɓaraka, ba ya tambayar wanda ya yi ɓarnar. Ya san tsage ne.

Kifi ne dogo, fari fes, da baƙaƙen zane a gefe da jar wutsiya mai reshe biyu. Amma bakinsa ake kallo. Haƙoran suna waje ko ya rufe baki, na sama na shiga tsakanin na ƙasa kamar haƙoran tarko, kuma in sun zube wasu ke fitowa. Ba ya zaman taɓo irin na tarwaɗa da gaiwa. Ruwa mai gudu yake so, inda yake bin garken kawara ya datse su. Hausawa na cewa kifi na ganinka mai jar koma. Tsage kuwa har ramawa yake yi, shi ya sa ba a zura masa yatsa a baki ko yana kwance cikin jirgi.

Tsallensa ya kai labari nesa. A 2014 masana suka wallafa yadda suka ga tsage a madatsar Schroda ta Afirka ta Kudu yana fitowa daga ruwa ya cafke tsattsewa tana cikin tashi. A tekuna masu ɗumi ma akwai wani siririn kifi mai baki kamar tsinke, wanda hasken fitila ke sa shi tsalle da dare har ya soki masunci. Ba danginsa ba ne, hali ne ya zo ɗaya.

Namansa da daɗi in an banda shi, sai dai ƙaya. Wanda ta maƙale wa a wuya, tun kaka da kakanni wurin Sarkawa ake kai shi, su yi tofi a ruwa ya sha.

Abin da ke damuna shi ne taru mai ƙananan idanu. Tsage na hayayyafa ne lokacin da kogi ya cika ya malale ciyawar fadama, daga Lolo da Illo har zuwa tafkin Kainji, kuma nan ake kwashe 'ya'yansa tun ba su kai tafin hannu ba, a shanya su tare da sauran ƙananan kifi a sayar a kwano.