Motar da ke ba da wuta: ita da gurup, wa ya fi shan mai?

Manoma da makiyaya, wutar Nigelec ta jihar Maraɗi daga Katsina take zowa, ta biyo Gazawa. Cikin watan Agusta 2023 Najeriya ta yanke ta, sai 2024 ta dawo. Masu hali a Tasawa da Mayahi suka koma ga gurup, kuɗi suka tafi ga mai.

Akwai mota mai inji da babban batir, kamar Toyota Prius da Japan ta fito da ita a 1997. In tana tsaye a kunne, aka haɗa mata akwatin juya wuta, tana haskaka gida. Batir ke aikin. In ya yi sanyi, inji ya tashi ya cika shi, ya kuma yi shiru. Gurup kuwa yana shan mai dare duka, ko da fitila guda aka kunna.

Don fitila, fanka da cajin salula, motar ta fi tattalin mai. Injin niƙa da na ban ruwa sun fi ƙarfinta. Sauran motoci ba su da wannan dabara, injinsu ba ya hutawa.

A kiyaye: mota ko gurup, a bar su fili. Hayaƙinsu cikin ɗaki yana kisa.