Zaɓen Manhaja da Fasahar Intanet Wajen Gina Banki

Gabatarwa

Abin da za a yi bayani a kansa a wannan lacca shi ne yadda banki ke zaɓen manhajar da zai ɗora hulɗarsa ta intanet a kai, watau tsarin nan da ke ba mai ajiya damar duba asusunsa, ko aika kuɗi, ko biyan kuɗin wuta, ba tare da ya taka ƙafa zuwa reshe ba. Al'amarin ba sabo ba ne ƙwarai. Tun a 1983 wasu masu ajiya a Ingila suka fara duba asusunsu daga gida ta wani tsari mai suna Homelink, wanda ke haɗa layin tarho da akwatin talabijin, sa'an nan a tsakiyar shekarun 1990 bankunan Amurka, irin su Wells Fargo, suka mai da wannan hulɗa kan intanet.

Galibi idan ɗalibai suka zauna gardama kan wannan batu, tambayarsu ita ce wane harshen shirya manhaja ya fi, Java ne ko C# ko PHP. Tambaya ce mai kyau, amma ba ita ce ta farko ba. Manhajar banki takan yi shekara ashirin ko talatin tana aiki, kuma duk tsawon wannan lokaci akwai dukiyar mutane a cikinta. Saboda haka ana auna kyawun zaɓi ne da abin da zai faru ranar da wani abu ya lalace, da kuma ranar da aka tashi sake shi.

Littafin ajiya

Abin da mai ajiya yake gani a fuskar wayarsa ɗan ƙaramin ɓangare ne na aikin. A bayansa akwai manhajar tsakiya mai tabbatar da ko wane ne mai magana, da kuma ko yana da izinin abin da ya nema. Can ƙarƙashi kuma akwai babban littafin ajiya, inda aka rubuta abin da kowa ya mallaka. Wannan littafi shi ne bankin. Ƙa'idar da yake bi kuwa tsohuwa ce, domin Luca Pacioli ya bayyana ta a littafinsa da aka buga a Benis a 1494: kowane kuɗi da ya motsa sai an rubuta shi sau biyu, inda ya fita da inda ya shiga, kuma tilas jimlar ɓangarorin biyu ta zo daidai.

A nan ne wahalar take. A ce wani malamin makaranta ya aika wa mahaifiyarsa Naira dubu 20. Kwamfuta za ta cire kuɗin daga asusunsa, sa'an nan ta zuba a na tsohuwar. To, idan wuta ta ɗauke a tsakanin waɗannan ayyuka biyu fa? An cire ba a zuba ba, kuɗi sun ɓace ke nan. Maganin da masana suka samo shi ne a ɗaure ayyukan biyu su zama ɗaya: ko dai duka su tabbata, ko kuwa a mai da kome yadda yake tun farko kamar ba a taɓa ba. Rumbunan bayanai masu jadawali, waɗanda Edgar Codd na kamfanin IBM ya shimfiɗa tushensu a 1970, irin su Oracle da Db2 da PostgreSQL, an daɗe ana gwada su a kan wannan alkawari. Akwai wasu rumbuna na baya-bayan nan da suka fi su sauri wajen ɗaukar jama'a da yawa, amma wasunsu sukan yarda kwafi biyu na bayani su saɓa da juna na ɗan lokaci kafin su daidaita. Wannan ba laifi ba ne idan ana ƙirga yawan waɗanda suka kalli hoto. Idan kuwa ragowar kuɗin asusu ne, a cikin wannan ɗan lokaci ana iya fitar da kuɗi ɗaya sau biyu.

Wani abu kuma da ake rainawa shi ne yadda kwamfuta ke riƙe ɓarin lamba. Da yake da sifiri da ɗaya take ƙirga, ba ta iya riƙe 0.1 cif-cif a tsarin da yawancin harsuna ke amfani da shi. Wanda duk ya ba JavaScript lissafin 0.1 da 0.2 zai ga ta amsa da 0.30000000000000004. Kuskuren bai kai ƙwayar gero ba, amma in an maimaita shi a asusu miliyan kowace rana, littafi ba zai rufu ba. Don haka ƙwararru sukan ƙirga kome da kwabo a matsayin cikakkiyar lamba, ko kuwa su yi amfani da nau'in lamba na musamman da aka tanada domin kuɗi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa harshen COBOL, wanda aka tsara tun 1959 domin lissafin kasuwanci, har yanzu yake riƙe da littattafan manyan bankuna da dama a Turai da Amurka, ko da yake masu iya shi suna ta yin ritaya.

Zancen harshe

Game da harshen manhajar tsakiya, ba sai an tsawaita ba. Java, wanda ya fito a 1995, da C# na kamfanin Microsoft su ne suka fi yawa a bankuna. Amma bankin Monzo na Ingila, wanda ba shi da reshe ko ɗaya sai waya, ya gina nasa da harshen Go, ya kuma rarraba aikin zuwa ƙananan manhajoji fiye da dubu. Dukansu suna aiki. Abin da ya kamata kwamitin zaɓe ya tambaya shi ne ko za a sami ma'aikatan da suka iya harshen nan da shekara goma, a garin da bankin yake, a kan albashin da zai iya biya. Sau da yawa ma ba a rubuta littafin ajiya daga farko, saya ake yi. Bankunan Nijeriya da yawa suna kan Finacle na kamfanin Infosys, ko Flexcube na Oracle, ko T24 na Temenos. Mai saye ya huta da gini, amma ya ɗaure kansa ga kuɗin lasisi da ake biya da kuɗin waje, da kuma jiran mai kaya duk sa'ad da yake son gyara.

Abin da ya sami Koriya ta Kudu

Fuskar da mai ajiya yake gani ita ce aka ɗauka ta fi sauƙin sauyawa, amma labarin Koriya ta Kudu ya nuna ba kullum ba. A ƙarshen shekarun 1990 Amurka tana hana fitar da hanyoyin ɓoye saƙo masu ƙarfi zuwa ƙasashen waje, saboda haka burauzar da sauran duniya ke samu tana da rauni. Koriya ta ga ba za ta ɗora kuɗin jama'arta a kan wannan ba, sai ta ƙirƙiro nata tsarin ɓoye saƙo mai suna SEED, ta kuma yi dokar sa hannu ta kwamfuta a 1999. Lalle dabara ce mai ma'ana a lokacinta. Matsalar ita ce burauza ba ta san SEED ba, sai an liƙa mata wani ƙarin abu, aka kuwa zaɓi ActiveX, wanda ba ya aiki sai a kan Internet Explorer da Windows.

Ba a daɗe ba Amurka ta sassauta hanin nata, sauran duniya ta koma kan ƙa'idar nan ta kowa da kowa da ake kira TLS, wadda kowace burauza ta zo da ita. Koriya kuwa ta kasa fita, domin doka da bankuna da shagunan intanet duk sun riga sun ginu a kan ActiveX. Fiye da shekara goma, mutumin da ba ya amfani da Windows yana shan wuya kafin ya yi hulɗar banki. Abin da ya fi muni shi ne an saba wa jama'a da danna "na yarda" duk sa'ad da shafi ya ce su sauke wani abu, wannan kuwa ita ce ɗabi'ar da ɓarayin intanet suke nema. A 2014 Shugabar ƙasar ta lokacin, Park Geun-hye, ta koka a bainar jama'a cewa baƙi sun kasa sayen kaya daga shagunan Koriya saboda wannan tsari. Sai a Disamban 2020 aka soke fifikon da doka ta ba waccan takardar shaida, sa'an nan a Yunin 2022 Microsoft ya daina tallafa wa Internet Explorer.

Ashe ke nan bai kamata banki ya jingina ga abin da kamfani ɗaya kaɗai ya mallaka ba, muddin akwai ƙa'idar da kowa ke bi. Haka kuma wajibi ne ya dubi abin da ke hannun mai ajiya. A Nijeriya mutane da yawa ƙaramar waya suke riƙe da ita, ga layi mai yankewa, shi ya sa hanyar USSD, watau danna tauraro da lambobi, ta karɓu haka. Yankewar layi kuwa tana da nata sharaɗi: mutum ya aika kuɗi, bai ga amsa ba, sai ya sake dannawa. Dole kowane umurni ya zo da lambarsa ta daban, yadda in ya iso sau biyu banki zai gane, ya aiwatar sau ɗaya. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sake fasalin Naira, jama'a suka rufta kan waɗannan hanyoyi gaba ɗaya, aka ga yadda ake cire kuɗi a nan ba su isa can ba sai bayan kwanaki.

Kayan aro

Babu mai rubuta manhajar banki dukanta da hannunsa. Ana harhaɗa ta ne da ɗaruruwan ƙananan sassa da wasu suka rubuta, yawancinsu kyauta. Kowane sashe kuwa yana iya zuwa da ɓarakarsa. A watan Maris na 2017 aka gano wata kafa a Apache Struts, aka kuma fitar da facinta. Kamfanin Equifax na Amurka, mai ajiye tarihin bashin jama'a, bai sa facin a kan lokaci ba, ɓarayi suka shiga suka kwashe bayanan mutum kamar miliyan 147. A Disamban 2021 kuma aka sami irin wannan a Log4j, ɗan sashen da manhajojin Java ke rubuta rahoton aikinsu da shi, sai ga ma'aikatu da yawa ba su ma san ko suna da shi ba, balle inda yake. Wanda zai karɓi manhaja daga ɗan kwangila, ya nemi jerin duk sassan da ke ciki, a kuma rubuta a yarjejeniya wa zai sa faci, cikin kwana nawa.

Ranar ƙaura

Misalin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na bankin TSB na Ingila. An ware shi daga Lloyds a 2013, amma ya ci gaba da hayar kwamfutocin Lloyds. A 2015 bankin Sabadell na Sifen ya saye shi, ya kuma ƙudura mai da shi kan sabuwar manhaja mai suna Proteo4UK, wadda Sabis, kamfanin fasaha na Sabadell ɗin, ya gina. Aka tsai da ƙarshen mako na 20 zuwa 22 ga Afrilu, 2018, domin kwashe asusun mutum miliyan 5.2 gaba ɗaya.

Abin mamaki shi ne kwashe bayanan ya yi nasara, littafin ajiya ya isa lafiya. Amma da aka buɗe ƙofa jama'a suka shigo, sai tsarin ya kasa ɗaukarsu. Mutane suka yi kwanaki ba su iya shiga asusunsu ba, wasu suka shiga suka tarar da bayanan asusun wani, layukan tarho suka cushe, rassa ma abin ya shafe su, 'yan damfara kuma suka yi amfani da ruɗanin suna kiran mutane da sunan banki. Al'amura ba su koma daidai ba sai a Disamba. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a Satumba, asarar kuwa ta kai kamar Fam miliyan 330.

Binciken da lauyoyin Slaughter and May suka fitar a Nuwamban 2019 ya nuna cewa an gina cibiyoyin kwamfuta biyu da ya kamata su zama tagwaye, amma saitinsu ya saɓa, gwajin ɗaukar nauyi kuwa a ɗaya kaɗai aka yi shi, don haka saɓanin bai fito ba sai da jama'a suka hau. Rahoton ya kuma soki yadda aka fara tsai da ranar gamawa, sa'an nan aka matse aikin ya shiga cikinta. Har ila yau, da an kwashe masu ajiya kashi-kashi, da matsalar ta bayyana tun tana kan mutane kaɗan. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi wane harshe aka rubuta manhajar da shi. A 2024 ma wasu manyan bankunan Nijeriya sun sauya manhajar littafinsu, masu ajiya kuma sun ɗanɗana irin wannan jira.

A Disamban 2022 hukumomi biyu masu sa ido kan bankunan Ingila suka ci TSB tarar Fam miliyan 48.65, ban da Fam miliyan 32.7 da ya biya masu ajiya diyya. A Afrilun 2023 kuma aka ci tsohon babban jami'in fasaha na bankin tarar Fam 81,620 shi kansa. Laifin da aka kama shi da shi ya kamata kowane ma'aikaci mai sa hannu a takardar kammala kwangila ya lura da shi: Sabis ya ba da tabbacin cewa ya shirya, shi kuwa jami'in ya miƙa wannan tabbaci ga hukumar gudanarwar banki ba tare da ya bincika sosai ko ƙananan 'yan kwangilar da Sabis ya dogara da su sun shirya ba.