Na'urar da ta gano iyakar ikon rana ta yi shiru

A ranar 25 ga Fabrairun 2025, injiniyoyin hukumar NASA ta Amurka suka kashe wata na'ura a jikin kumbon Voyager 1, bayan ta shafe sama da shekara 47 tana aiki. Lafiyarta ƙalau, lantarkin kumbon ne ke ja baya da kimanin wat 4 duk shekara, saboda raguwar ƙarfin sinadarin fulotoniyam da ke samar da shi.

Aikin na'urar ƙidaya ne. Rana tana feso ƙwayoyin zarra masu caji ba dare ba rana, kuma wannan feshi ya yi wa duniyoyin da ke kewaya ta wata makekiyar rumfa. Daga wajen rumfar kuma wasu ƙwayoyin ke kutsowa, masu tsananin ƙarfi, waɗanda masana ke danganta akasarinsu da taurarin da suka tarwatse. Rumfar tana tare wani kaso nasu.

A ranar 25 ga Agustan 2012, kumbon yana nisan kusan kilomita biliyan 18 daga rana, sai alƙaluma suka juya: ƙwayoyin cikin rumfar suka kusan ɓacewa, na waje suka ƙaru. NASA ta jira har Satumban 2013, da samun ƙarin hujja daga wata na'urar, kafin ta bayyana cewa kumbon ya fice. Tagwayensa Voyager 2 ya ƙetare iyakar a Nuwamban 2018.

Wannan ƙidaya ta shafi lafiyar ɗan Adam. A tafiyar kwana 253 da aka yi da motar bincike ta Curiosity zuwa duniyar Mars, wata na'urar awo da ke jikinta ta nuna cewa a kwana biyu matafiyi zai kwashi tururin da ya zarce abin da mutum kan samu a shekara guda a doron ƙasa. Mafi yawansa daga ƙwayoyin wajen ne, waɗanda ke huda bangon kumbo, suna ƙara haɗarin cutar kansa.

Har yau, Voyager 1 da 2 ne kaɗai suka taɓa aiko da awo daga bayan rumfar. Duk na'urar da aka kashe musu, an rage shaidun da ke can.