Shehun Malami Kwame Bediako Da Littattafan Kiristocin Farko

Daga Wakilinmu Na Zuru

A ƙasar Zuru, inda sau da yawa akan sami Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya a gida ɗaya, akwai wata tambaya da ta daɗe tana damun mutane, watau idan mutum ya karɓi sabon addini, me zai yi da al'adun iyaye da kakanni? Ya halatta ya halarci bikin Uhola? Ina matsayin golmo, noman da samarin Lelna kan yi wa surukai na tsawon shekaru kafin a ba su aure? Tun cikin shekarun 1920, lokacin da Turawan Mishan na ƙungiyar UMS, wadda ta haifi ikilisiyar UMCA, suka shigo wannan ƙasa, ake ta ja-in-ja a kan irin waɗannan al'amura. Akwai wani shehun malami ɗan ƙasar Gana, marigayi Kwame Bediako, wanda ya ƙare rayuwarsa wajen binciken wannan tambaya, ya kuma nemo amsarta a cikin littattafan da aka rubuta kusan shekara 1,800 da suka wuce.

An haifi Bediako a 1945. Ya yi karatu a makarantar Mfantsipim ta Cape Coast, daga nan ya shiga Jami'ar Gana da ke Legon inda ya karanta Faransanci. Bayan haka ya tafi Jami'ar Bordo a Faransa, ya sami digirin dakta a 1973 da nazarin waƙoƙin Tchicaya U Tam'si, mawaƙin ƙasar Kwango. Lokacin da ya isa Faransa ba ya bin kowane addini, a can ne ya karɓi Kiristanci a 1970. Wannan shi ya juya akalar karatunsa zuwa ilmin tauhidi, ya yi shekara uku a wata kwalejin Littafi Mai Tsarki a Landan, sa'an nan ya wuce Jami'ar Aberdeen ta ƙasar Sikotilan, ya sami digirin dakta na biyu a 1983.

Malamin da ya duba aikinsa a Aberdeen shi ne Andrew Walls, wanda ya ƙware a rubuce-rubucen magabatan ikilisiya tun a Oxford, ya koyar a Kwalejin Fourah Bay ta Saliyo daga 1957, ya kuma zo Jami'ar Nsukka a 1962. Zaman da Walls ya yi a Afirka shi ya nuna masa cewa matsalolin da yake karantawa a littattafan ƙarni na biyu su ne Kiristocin Afirka ke fama da su a gaban idonsa. A kan wannan harsashi ɗalibinsa ya ɗora gini.

A cikin babban littafinsa mai suna Theology and Identity, wanda aka buga a 1992, Bediako ya ɗauki marubuta huɗu na zamanin Rumawa ya bi ayyukansu dalla-dalla. A zamaninsu ana yi wa Kiristoci gorin cewa sun watsar da al'adun kakanninsu sun zama marasa tushe, kamar yadda wani masanin falsafa mai suna Celsus ya zarge su. Amsar da suka bayar ba iri ɗaya ba ce. Tatian, mutumin ƙasar Assuriya, ya yi wa ilmin Yunanawa kaca-kaca, ya rungumi sunan bare da suke kiransa da shi. Tertullian na Kartaj, wadda kufanta ke ƙasar Tunisiya a yau, ya yi rubutu da Latin, yana ganin babu abin da falsafa za ta ƙara wa imani sai ruɗani da bidi'a. Justin kuwa, wanda aka kashe a Rum wajejen shekara ta 165 saboda addininsa, ra'ayinsa shi ne Allah ya shuka irin gaskiya a cikin kowace al'umma tun kafin bishara ta iso ta, har ya lasafta Socrates cikin masu bin wannan gaskiya. Clement na Iskandariya ya ƙara gaba, ya ɗauki falsafa a matsayin tarbiyyar da aka yi wa Yunanawa, kamar yadda aka ba Yahudawa Attaura.

Daga nan sai Bediako ya jera su da malaman Afirka huɗu na ƙarni na ashirin, watau Bolaji Idowu na Jami'ar Ibadan, da John Mbiti na Kenya, da Vincent Mulago na Kwango, da kuma namu na nan Arewa, Dakta Byang Kato. An haifi Kato a ƙasar Kwoi ta Jihar Kaduna a 1936, ya riƙe muƙamin babban sakataren ECWA, ya yi digirin dakta a Dallas ta Amurka, ya rasu a ruwan teku kusa da Mombasa cikin Disamba 1975, shekarar da littafinsa Theological Pitfalls in Africa ya fito. Kato ya yi kashedi mai ƙarfi game da cuɗa bishara da addinin gargajiya, saboda haka Bediako ya ga kamanninsa da Tertullian. Su Idowu da Mbiti kuwa, da suka nace cewa kakanninmu sun san Allah Maɗaukaki tun kafin zuwan Bature, sun fi kusa da Justin da Clement.

Bediako bai ɓoye inda ya karkata ba. A ganinsa, mutumin da aka raba da tarihinsa duka ba zai tsaya da ƙafarsa cikin kowane addini ba, sai dai ya yi ta aron rigar wani. Amma fa magoya bayan Kato ba su yi shiru ba. Sun ce an yi masa rashin adalci, domin shi ya tashi cikin addinin gargajiya ya san abin da ya baro, kuma ajali ya ɗauke shi yana da shekara 39, bai kai ga faɗaɗa tunaninsa ba. Har yau ana wannan muhawara a makarantun tauhidi na ƙasar nan.

Ɗalibai Musulmi ba za su ji wannan zance baƙo ba. Ra'ayin Imam Gazali da na Ibn Rushd sun sha bamban a kan falsafar Yunanawan nan, haka kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi rubuce-rubuce masu yawa don rarrabe al'adar da shari'a ta yarda da ita da wadda ta hana.

Da ya koma gida, Bediako ya kafa cibiyar bincike ta Akrofi-Christaller a garin Akropong a 1987. Ya raɗa mata sunan Clement Akrofi, masanin harshen Twi, da Johann Christaller, Bajamushen da ya shugabanci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa wannan harshe a ƙarni na sha tara. Da gangan ya yi haka, domin ya yi imani cewa mutum ba ya fahimtar addini sosai sai da harshen da ya sha a nono. Ya wallafa Christianity in Africa a 1995, ya rasu cikin Yuni 2008.

Wannan batu na harshe ya shafi Zuru kai tsaye. Hausa ce ta zama harshen wa'azi da kasuwa da ofis, an kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da ita a 1932, alhali kuwa C'lela da sauran harsunan masarautar su ne ke ɗauke da karin magana da waƙoƙi da tarihin dangi. Tsofaffin da suka san ma'anar kowane mataki na Uhola da golmo suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Ko mutum yana tare da Kato ko yana tare da Bediako, ba zai yanke hukunci na gaskiya a kan al'adar da bai san ta ba. Don haka muna kira ga ɗalibanmu na tarihi da harsuna da addinai, da ma'aikatan da aka damƙa wa kula da al'adu a Jihar Kebbi, su tashi su rubuta abin da dattawa suka sani tun suna da rai. Allah Ya sa a dace.