Awon ƙasa a Lamorde: a sa burtali da kufai cikin takarda

A wannan wata mun ƙetare kogi zuwa Lamorde. Gari ne na Fulani a hannun dama na kogin Kwara, yana duban Yamai. Da Fulatanci, sunan yana nufin mazaunin sarauta. Kafin a buɗe gadar Kennedy a 1970, sai da jirgin ruwa ake zuwa. Bayan gada, birni ya ƙetaro. Aka gina jami'a, aka gina unguwanni, filin da shanu ke kwana jiya ya zama abin sayarwa yau.

Kusa da nan akwai Kirkisoy, inda gwamnati ta kafa wurin kiwon shanun madara, ana noma masu burgu a fadama. A wannan Kirkisoy ɗin ne kuma masu binciken tarihi suka sami kufan mutanen da suka zauna bakin kogi dubban shekaru da suka wuce. Sun bar fasassun tukwane da kayan aiki na dutse. Wani masani, Robert Vernet, ya ba da labarinsu cikin littafinsa na 1996. Gona, makiyaya, kufai, duk wuri guda. In ba a auna ba, wa zai san inda wannan ya tsaya, wancan ya fara?

Iyakar da muka gada ita ce gamba, ko shingen aguwa, ko wata tsohuwar bishiya. Amma a damina ta 2020 kogi ya fasa madatsar Lamorde, ruwa ya shiga gidaje da gonaki. Irin wannan ruwa ba ya barin gamba a tsaye. Tsohon da ya san iyaka kuma ba zai dawwama ba.

Dokar ƙasar karkara ta 2 ga Maris 1993 ita ce ta kawo kwamitocin ƙasa. Na ƙauye ko ruga ana ce masa Kofob. Mai gari ne shugaba. Akwai magatakarda wanda ya iya karatu da rubutu, da wakilan manoma, makiyaya, mata da samari. Ba su da albashi, aikin sa kai ne. Ta hannunsu ake samun takardar shaidar gado, saye, kyauta, aro, haya ko jingina. Duk wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci yana iya taimakonsu.

Ga yadda ake yi. A nemi igiya mai mita 50, a yi ƙulli kowane mita 10. A gwada ta da mitar magini kafin a fita, don jiƙaƙƙiyar igiya tana ƙarya. A kira mai gona da dukan maƙwabtansa, da wakilin makiyaya. Awon da aka yi a ɓoye rigima ne aka shuka. Mutum biyu su ja igiya, na uku yana kafa turke, magatakarda yana rubutawa. A buga tsawo da faɗi. Gona mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100 ita ce hekta 1, wato murabba'in mita 10,000. Mai mita 120 da mita 50 kuwa 6,000 ce, ta ɗan wuce rabin hekta. In gonar ta karkace, a raba ta gida biyu ko uku, a auna kowane, a tara. Yanzu wasu suna da na'urar GPS mai nuna wuri daga tauraron ɗan Adam. Tana da kyau, amma ba ta san ko gonar wane ce ba. Wannan sai shaidu.

A lura, awon igiya ba ya maye gurbin na ma'aunin hukuma. Mai son babbar takardar mallaka dole ya bi ta wurinsa.

Abu biyu ake yawan mantawa. Na farko burtali da mashaya. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ce filayen kiwo na jama'a ne, ba mai mallake su shi kaɗai. In igiya ta zo bakin burtali, a tsaya, a rubuta faɗinsa.

Na biyu shi ne kufai, kuma a nan muke son mu daɗe. A Bura, cikin ƙasar Tera, an ci karo da kawunan mutum-mutumi na yumɓu a 1975. A 1983 Boubé Gado, masanin tarihi na jami'ar Yamai, ya yi tono a wurin, ya sami tulunan kabari fiye da 600. Bayan an nuna kayan a Faransa a 1993, 'yan kasuwa suka sa masu kuɗi. Mutane suka shiga haƙa da dare. Aka fasa kaburbura da yawa, aka fita da kayan waje. Mai haƙa ya sami kuɗin cefane na 'yan kwanaki, ƙasa ta yi asarar da ba ta dawowa. Tulun da aka cire daga wurinsa ba ya ƙara gaya wa masani shekarunsa, ko wane ne aka binne a ƙarƙashinsa.

Wani zai ce: "In na faɗa akwai kufai a gonata, za a karɓe ta." Wannan tsoro ne ke sa a yi shiru. Amma a ganinmu gonar da ke cikin takarda, da shaidu, ta fi wuyar ƙwacewa a kan wadda ba a rubuta ba. Dokar 30 ga Yuni 1997 ta hana tonon kayan tarihi ba da izini ba, ta kuma ce wanda ya tsinci irinsu ya sanar da hukuma.

Saboda haka, in kuna awo kuka ga tarin katangar tukwane, ko kashin ƙarfe na tsohuwar maƙera, ko bakin tulu a ƙasa, kada ku tona. Ku kafa turke huɗu kewaye da wurin. Ku auna nisansa daga iyakar gona, magatakarda ya zana shi cikin takarda. Mai gari ya kai labari ga magajin gari, shi kuma ya sanar da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai.