Gumakan Nok: yadda na'ura ke gano shekarun yumɓun da aka gasa tun kafin haihuwar Annabi Isa

Hotunan manyan gumakan dutse na tsibirin Rapa Nui, can cikin tekun Fasifik, suna yawo sosai a intanet. Kusan dubu ne, an jera wasunsu a kan dakalin dutse, kuma yawancinsu an sassaƙa su ne tsakanin 1250 da 1500. Abin da mutane da yawa a Barnawa ko Kakuri ba su sani ba shi ne, wanda ya kama hanyar Kachia daga Sabon Tasha ya nufi Kwoi zai isa ƙauyen Nok a ƙaramar hukumar Jaba, inda aka tono gumakan da suka girmi waɗancan da fiye da shekara dubu. Su na yumɓu ne, ba na dutse ba.

Masu haƙar kuza ne suka fara cin karo da su a 1928. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan yumɓu daga Jama'a, wanda aka kafa a gonar doya don korar tsuntsaye, shi kuma ya lura cewa salonsa ɗaya da na Nok: idanu masu kusurwa uku, da huda a ƙwayar ido. Daga 2005 masu bincike daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Peter Breunig, suka yi sansani a Janjala ta Kagarko, suka mayar da farkon al'adar Nok zuwa wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, gumakan kuma daga wajen 900.

To ta yaya ake sanin haka? Hanya ta farko ita ce kabon-14. Duk abu mai rai yana ɗauke da shi, idan ya mutu sai ya riƙa raguwa, rabinsa na tafiya a kowace shekara 5,730. Yumɓu bai taɓa rayuwa ba, don haka ba gunkin ake aunawa ba, ƙonanniyar ƙwayar gero ko gawayin da aka samu tare da shi a rami ake aunawa.

Hanya ta biyu ta fi burgewa. A cikin yumɓu akwai ƙwayoyin yashi da ke tara kuzari kaɗan-kaɗan daga sinadaran ƙasa. Gasawa tana goge wannan ajiya gaba ɗaya, kamar an yi wa waya fomat, sai ƙirga ya fara daga sifiri. A ɗakin gwaji ana ɗibar garin yumɓun a zafafa shi, sai ya fitar da ɗan haske, kuma yawan hasken ne ke nuna tsawon lokacin da ya wuce tun gasawar ƙarshe.

Masu jabu sun gano lagon wannan gwaji. Sukan haɗa tsofaffin ɓaraguzai da sabon yumɓu su yi gunki guda, ta yadda idan an ɗebi samfur daga tsohon ɓangare sakamakon zai ce na gaske ne. Na'urar CT irin ta asibiti ke tona asirinsu, domin tana nuna gaɓoɓin da aka liƙa daga ciki.

Babbar ɓarnar dai ta masu tonon sata ce. Dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Najeriya ba tare da izini ba, amma an wawushe wurare masu yawa. Gunkin da aka fizge daga raminsa ya rabu da geron da gawayin da za su faɗi shekarunsa, kuma babu manhajar da za ta dawo da wannan bayani.

Mai son ziyara zai iya farawa da gidan tarihi na ƙasa da ke titin Ali Akilu a tsallaken kogi, ko na Jos da Fagg ya kafa a 1952. Zuwa Nok kanta na buƙatar a bincika lafiyar hanya tukuna. A Fabrairun 2017 an sace Breunig da abokin aikinsa a yankin Janjala, aka sake su bayan 'yan kwanaki. Idan ma'aikatan gidan tarihi sun ba da izini, hotuna da yawa daga kowane gefe da manhaja kamar Polycam ko Meshroom sun isa a samar da surar 3D ta gunki, ba tare da an taɓa shi ba.